Amsa ga mai tambaya a kan ajiye waya mai madannai domin komawa mai shafe-shafe

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, ga kuma yadda na fahimce ta: kana da wayarka mai madannai wadda ka daɗe da ita, tana kira tana amsa kira, saƙo yana shiga yana fita, batirinta yana kai ka kwanaki, amma iyalinka da abokan hulɗarka sun matsa maka ka koma babbar waya mai shafe-shafe. Kai kuma kana fargabar cewa yatsunka ba za su saba da gilashi ba, sannan ba ka so ka kashe kuɗi a kan abin da zai dame ka fiye da yadda zai amfane ka. Na daɗe ina riƙe da mai madannai kafin in sauya, na kuma zauna da mutane da dama, yawancinsu sun girme ni, a lokacin da suke koyon babbar waya, saboda haka abin da zan faɗa maka abin da na gani ne.

A ra'ayina sauyin ya cancanta ga mafi yawan mutane, amma ba don gilashin ba. Shafe-shafen shi ne mafi ƙanƙantar abu a cikin lamarin, kuma shi ne abin da aka fi saurin sabawa da shi. Abin da ya kamata ka auna shi ne ko buƙatunka sun riga sun wuce iyakar abin da tsohuwar wayar za ta iya yi maka, da kuma ko za ka iya ɗaukar nauyin da babbar waya take zuwa da shi, domin tana da nauyin da masu yaba ta ba su cika ambata ba.

Bari in fara da yatsun, tunda su ne suka fi damun ka. Wayoyin farko masu fuskar taɓawa sai an danna su da ƙarfi, ko da farce ko da ɗan tsinken da suke zuwa da shi, kuma waɗanda suka gwada su a wancan lokaci da yawa sun tsane su. Tun fitowar iPhone a 2007 da wayar Android ta farko a 2008, wani nau'in gilashi ne ya mamaye kasuwa, wanda ba ƙarfin dannawa yake ji ba, ɗan lantarkin da ke jikin fatar mutum yake ji. Sanin wannan yana warware matsaloli da yawa. Wanda ya saba da madannai yakan danne gilashin da ƙarfi ya kuma daɗe bai ɗaga yatsa ba, wayar kuwa tana ɗaukar doguwar dannawa a matsayin wani umarni daban, sai ya ga abin da bai nema ba ya buɗe. Taɓawa kaɗan ka ɗaga ya isa. Haka kuma jiƙaƙƙen hannu yana rikita ta, safar hannu tana hana ta ji, wani lokaci ma yatsan da ya bushe ƙwarai ko ya yi kanta sai an sake taɓawa. Abin da na ga ya fi ba manya wahala a kwanakin farko shi ne ɗaukar kira, domin a wayoyi da yawa jan alamar ake yi zuwa gefe ko sama maimakon a danna ta, sai kira ya katse mutum yana ta fama. Ka sa wani ya yi ta kiran ka kana gwadawa har hannunka ya faɗa, kafin ka fita da wayar.

Akwai abu guda da za ka rasa, kuma ba zai dawo ba: rubutu ba tare da kallo ba. A kan madannai yatsa yana jin inda yake, a kan gilashi kuwa dole ido ya raka shi. Abin da za ka samu a madadinsa shi ne damar ƙara girman rubutu yadda idonka yake so, da juya wayar a kwance domin haruffa su faɗaɗa, da saƙon murya wanda yake ɗauke maka rubutun gaba ɗaya. Wasu wayoyin, kamar na Samsung, suna da tsari mai sauƙi wanda yake girmama alamomi ya rage cunkoso a fuskar waya. Ga mai rubutun Hausa akwai wani ƙarin, domin allon rubutu na Gboard yana da haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ba ka samun su a kan madannan tsohuwar waya.

Dalilin da ya sa nake cewa sauyin ya cancanta shi ne, ayyukan da mutane suke yi da waya sun ƙaura sun bar tsofaffin wayoyi, kuma ba da shawararmu aka yi ba. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Nokia masu tsarin Symbian a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen wannan shekarar, ya kuma bar wayoyin Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018. Kamfanin BlackBerry da kansa ya rufe hidimomin tsofaffin wayoyinsa a watan Janairun 2022. Hatta hanyar sadarwar da tsohuwar waya take hawa ana rufe ta a wasu ƙasashe: Singapore ta kashe 2G, wato tsohuwar hanyar da yawancin wayoyi masu madannai suke hawa, a 2017, manyan kamfanonin sadarwa na Amurka kuma sun kashe 3G, wadda ta biyo bayanta, a 2022. A ƙasashe da yawa 2G tana nan tana aiki, amma yana da kyau ka tambayi kamfanin layinka shirin da suke da shi, domin ranar da aka rufe hanyar, waya komai lafiyarta ba za ta ƙara ganin sabis ba.

Idan ka duba abin da iyalinka suke nema daga gare ka, za ka ga ba ado ba ne. Suna so su turo maka hoton takarda ka karanta nan take, su kira ka ku ga juna, su aiko maka da wurin da suke a taswira, su sa ka a zauren da ake sanar da abin da ya shafi dangi. Ni abin da na fi daraja a babbar waya ma ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, ajiyar lambobi ne. Katin sim yawanci lambobi kimanin 250 yake ɗauka, sauran suna zaune ne a jikin wayar, ranar da ta ɓata ko ta faɗa ruwa sun tafi ke nan. A babbar waya kuwa, idan an haɗa ta da asusun Google ko na Apple, lambobinka suna dawowa a kan kowace sabuwar waya da ka shigar da asusun. Na ga mutumin da ya rasa lambobin abokan cinikinsa na shekaru a rana guda, kuma wannan asara ta fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.

Sai nauyin da na ambata, wanda na farkonsa batir ne. Batirin ƙananan wayoyin Nokia da aka fi sani ƙarfinsa kimanin mAh 1,000 ne (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir yake ɗauka), amma yana kai kwanaki, domin ba shi da aikin da ya wuce jiran kira. Na babbar waya yakan kai mAh 4,000 zuwa 5,000, duk da haka yini guda ko biyu yake yi, saboda hasken babbar fuska da data da manhajojin da suke aiki a ɓoye ko da wayar tana aljihu. Ke nan caji zai zama aikinka na kullum, kuma idan kana yawan zama inda babu wuta sai ka tanadi ma'ajiyar caji ta hannu. Batirin ma yawanci a liƙe yake a ciki, ba ka cire shi ka sa wani yadda ka saba, sannan yana tsufa. Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi an yi su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, saboda haka barin waya a rana ko cajin ta a ƙarƙashin matashi yana rage mata kwana.

Na biyu gilashi ne, kuma gilashi yana fashewa. Nokia 3310 da ta fito a 2000 ta yi suna ne saboda tana faɗuwa a tattara ta a mayar, babbar waya kuwa faɗuwa ɗaya a kan kusurwa tana iya tsaga fuskarta, kuma canza fuskar yakan ci wani babban kaso na kuɗin wayar. Kada ka fara amfani da ita sai ka sa mata riga da gilashin kariya.

Na uku shi ne wanda na fi so ka tsaya a kansa, domin shi ne mai saye ba ya gani a ranar saye. Tsohuwar waya tana mutuwa ne idan jikinta ya lalace, babbar waya kuwa tana iya zama mara amfani alhali jikinta garau yake. Tsarin da ke tafiyar da ita, wato Android ko iOS na iPhone, yana buƙatar sabuntawa daga kamfanin da ya ƙera ta, idan kamfanin ya daina aikowa, sannu a hankali manhajoji za su fara ƙin ta, ramukan tsaron da aka gano kuma ba za a toshe su ba. Tun daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone ɗin da bai kai iOS 15.1 ba, manhajojin banki su ma haka suke yi lokaci zuwa lokaci. Kamfanoni sun bambanta ƙwarai a nan. Google ya yi alkawarin shekara 7 na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irin wannan ga Galaxy S24 a 2024, amma wayoyi masu rahusa da yawa shekara biyu ko uku suke samu, wasu ma ba su kai haka ba. Tarayyar Turai ta kafa doka daga 20 ga Yunin 2025 cewa wayar da za a sayar a ƙasashenta sai an ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, wanda ya nuna maka girman matsalar. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce shekarar da wayar ta fito da kuma yaushe sabuntawarta za ta ƙare, kafin maganar kyamara ko launi.

A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata. Yawancin waɗanda na ga sun koma wa madannai cikin fushi, waya mafi araha aka saya musu bisa tunanin cewa ai kira kawai za su yi. Bayan 'yan watanni ma'ajiyarta ta cika da hotuna da bidiyon da suke sauka da kansu, ta yi nauyi, tana cijewa har wajen ɗaukar kira, sai mutum ya yanke cewa duk manyan wayoyi haka suke. A ganina kada ka sayi wadda RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, bai kai GB 4 ba, ko ma'ajiyarta ba ta kai GB 64 ba, kuma tun ranar farko a kashe maka saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, wanda zai yi maka tsimin wuri da data a lokaci guda. Idan ta hannu za ka saya, ka tabbata mai ita ya cire asusunsa a gabanka, domin wayar da ke ɗaure da asusun wani tana iya kullewa bayan an goge ta, kuma ba za ka iya buɗewa ba sai da kalmar sirrinsa.

Akwai kuma batun tsaro da natsuwa, wanda ba na ɗaukar sa da wasa. Babbar waya tana ɗauke da hotunanka da hirarrakinka, wani lokaci da hanyar shiga asusun bankinka, don haka makulli dole ne, ko lambar sirri ko zanen yatsa. Kada ka ba kowa lambar tabbatarwa da aka turo maka ta saƙo, komai sunan da ya kira kansa da shi, kada ka buɗe adireshin intanet da baƙo ya turo, kada kuma ka sauke manhaja sai daga Play Store ko App Store. Ita kuma natsuwa, tsohuwar wayarka tana yin ƙara ne idan wani yana neman ka, babbar kuwa kowace manhaja tana son ta kira hankalinka. Wannan abu ne da ake iya gyarawa cikin 'yan mintuna ta hanyar kashe sanarwar duk abin da ba kira ko saƙon mutum ba, amma in ba a gyara ba yana cinye lokaci fiye da yadda mutum yake zato.

Akwai waɗanda ba na ba su shawarar sauyawa. Wanda kira da gajeren saƙo ne kaɗai buƙatarsa, ko aikinsa na ƙura da ruwa da faɗuwa ne, ko yakan yi kwanaki bai ga wurin caji ba, mai madannai ta fi masa, kuma yanzu ana yin sababbinsu masu hawa 4G ga wanda yake tsoron a rufe tsohuwar hanya. Kai kuwa, Malam, daga bayaninka na ga mutanenka sun riga sun koma inda wayarka ba ta kaiwa, saboda haka ina ganin lokacinka ya yi.

Shawarata ita ce ka sauya amma kada ka rabu da tsohuwar. Ka bar ta da layi na biyu, ta zama madogararka ranar da cajin babbar ya ƙare ko ta tafi gyara. Kafin ka cire sim, ka kwashe lambobin da ke jikin tsohuwar zuwa katin, ko ka tura su ta Bluetooth idan tana da shi, sannan ka lura cewa manyan wayoyin yanzu mafi ƙanƙantar kati suke ɗauka, don haka wataƙila sai kamfanin layinka ya canza maka shi ba tare da lambarka ta canza ba. Asusun da za a buɗe maka ya kasance da sunanka da lambar wayarka, ka rubuta kalmar sirrinsa a takarda ka adana a gida, domin na sha ganin wanda wani ya buɗe wa asusu, mai buɗewar ya manta, komai ya salwanta. Wanda zai koya maka kuma ka roƙe shi ya bar wayar a hannunka yana faɗa kana taɓawa, kada ya karɓa ya yi maka, ku fara da kira da ajiye lamba da saƙon murya, sauran su biyo baya idan buƙatarsu ta taso.