Karayar Kwatangwalo: Ɗori Ko Tiyata?

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta zame a makewayi, ƙafarta ta gajarce ta juya waje. An ce sai tiyata. Ɗori ba zai yi ba? (Mai karatu, Zariya)

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin ramin ƙashin ƙugu. Ƙasansa akwai siririn wuya mai karkatar kusan digiri 125, wurin da tsofaffi kan karye ke nan. Jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini ta jikin wuyan suke bi; in sun tsinke, kan na iya mutuwa. Ga shi wurin na can cikin tsoka, karan ɗori ba ya riƙe shi. A yi aikin cikin awa 48 in da hali: a ɗaure da kusoshi, ko a sauya kan ƙashin da na ƙarfe.