Filin Tambayoyinku: Yaya Zan Koya wa Yara Darar Ces, Ni Ma Ban Iya Ba?

TAMBAYA: Malam, ƙanina ya kawo wa yarana tsarabar darar ces, irin ta 'yan koyo wadda aka zana kibiyoyi a jikin kowane ɗa don nuna inda yake tafiya. Babbar shekararta 7, ƙaramin 5. Sai su jera 'ya'yan su yi ta faɗa, ƙarshe a watsar a yi kuka. Ni kuma ban iya ba. Sun yi ƙanƙanta ne, in ɓoye sai sun girma? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki ɓoye. Shekara 5 ba ta yi kaɗan ba. Magnus Carlsen na ƙasar Norway, wanda ya zama zakaran duniya a 2013, yana da shekara 5 mahaifinsa ya nuna masa wasan, kuma bai wani damu da shi ba sai da ya kai wajen 8. To in ƙaramin naki ya tashi ya tafi bayan minti biyar, ki ƙyale shi.

Abin da ke kawo rigimar shi ne an zube musu komai lokaci guda. Allon gida 64 ne, kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16, iri shida, kowanne da tafiyarsa. Babba ma kansa zai ɗaure. Ki kwashe duka ki mayar kwali, ki bar sojoji kawai, wato ƙananan nan guda takwas-takwas. Ki ajiye allon yadda farin gida zai kasance a kusurwar hannun daman kowane ɗan wasa, ki jera sojojin a layi na biyu. Soja gaba yake tafiya gida ɗaya, ba ya komawa baya. A tafiyarsa ta farko yana iya tsallaka biyu. In zai ci kuwa, a karkace yake ci, ba wanda ke gabansa ba. Wanda sojansa ya fara kaiwa ƙarshen allo ya yi nasara. Shi ke nan dokar. Wannan ɗan wasan nake fara sa wa duk yaron da aka kawo mini, kuma a cikinsa yake koyon abu mafi wuya: jiran abokin wasa ya taka, da duba abin da zai faru kafin ya kai hannu. Ku yi mako biyu ko uku a kansa, ba gaggawa. Ke ma a nan za ki koya, tare da su, kuma yara suna jin daɗin ganin uwarsu na tunani kamar su.

Daga nan sai a riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. Hasumiya tukuna, wato mai kama da ɗan gini wadda ke zama a kusurwar allo, don miƙe take tafiya, gaba, baya ko gefe. Sai bishof, wato mai tsinin kai da ke zama a gefen sarki da sarauniya, mai tafiya a karkace, sai sarauniya da ta haɗa tafiyar biyun, sai sarki mai taku ɗaya. Doki a bar shi ƙarshe, shi ne mai rikita yara: gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake wani. Ki sa ƙwayoyin gyaɗa a wasu gidaje, ki ce doki ya je ya kwaso su. Wanda ya kai, ya cinye.

Game da kibiyoyin nan, suna da amfani a farko, musamman gare ki. Amma ina ganin yaron da ya daɗe da su yakan riƙa kallon ɗan da ke hannunsa ya manta da allo. Da zarar sun daina leƙa zanen, ki manna takarda a kai ko ki nemi allo na gama-gari.

Saura kuka. Babbar za ta riƙa cinye ƙaninta, wannan ba makawa. Kada ki ce ta bar shi ya ci da gangan, yara na ganewa. A cire mata sojoji biyu, ko sarauniya in sun kai can, sannan kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Doka biyu kuma tun ranar farko: abin da ka taɓa shi za ka tafiyar, kuma a yi musabaha bayan wasa, ko wa ya ci. Minti 10 zuwa 15 ya isa, bayan an dawo daga Islamiyya an ci abinci, ba lokacin da suke jin barci ba. In akwai mai rarrafe a gidan, a kula da sojojin, don sun isa shiga baki.

Kada tsadar kaya ko rashin malami ya karya miki gwiwa. Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, yana koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, har da na Makoko da na ƙarƙashin gadar Oshodi, kuma da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. In yaran sun wuce saninki, manhajar Lichess kyauta ce a waya, tana da darussan 'yan koyo. Sai dai ki zauna kusa da su, kuma ki kunna tsarinta na yara wanda ke rufe hira da baƙi.