Amsa: Gawayi ne ke cinye dazuzzukan duniya?

Malam, ka tambaya ko itacen girki da gawayi ne babban dalilin ƙarewar dazuzzuka. A nan yankinmu suna da hannu sosai, domin ramin gawayi irin na gargajiya yakan lamushe kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1. Amma a duniya noma ne kan gaba: binciken FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗora masa kusan kashi 90 cikin 100 na ɓarnar. Daga 2015 zuwa 2020 ana rasa kimanin hekta miliyan 10 duk shekara.

A Amazon na Burazil makiyayar shanu ake buɗewa, a Ghana da Kodebuwa gonakin koko, a Indunusiya kwakwar manja.

Abin da mutane ba sa lura da shi: albarkar ƙasar kurmi tana cikin ganyen da ke zuba yana ruɓewa. In an sare an ƙone, tokar takan ciyar da gona shekara 2 ko 3, sai ruwa ya wanke ta, manomi ya ƙara kutsawa ciki. Bishiyoyin kuma su ke mayar da danshi sama, don haka in an sare su damina ma takan ja baya.