Amsa kan sassaƙa da raye-rayen Yarabawa da addininsu na gargajiya

Malam, ka tambaya ko sassaƙe-sassaƙe da raye-rayen gargajiya na Yarabawa ado ne kawai, ko kuwa suna da alaƙa da addini. A ganina, ba za a fahimce su ba sai an san imanin da ya haife su.

Ka dubi Egungun. Mutumin da ya shiga wannan sutura mai tarin yadudduka, wadda ke lulluɓe shi daga kai har ƙafa, masu wannan imani ba sa ɗaukarsa ɗan rawa; a wurinsu wani daga cikin kakanni ne ya dawo domin ya ziyarci zuriyarsa, shi ya sa ake kiyaye taɓa shi. Wannan ne ma ya sa nake jin takaici idan na ga irin suturar a rataye a gidan tarihi, babu kiɗa, babu jama'a. Gangar da ake kira bata kuwa tana da nasaba da bautar Shango, abin bautarsu na tsawa.

Haka kuma kurmin Osun na Osogbo, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, sassaƙe-sassaƙen da ke cikinsa an yi su ne domin girmama Osun, abar bautarsu ta kogi, da sauran ababen bautarsu, kuma har yanzu ana gudanar da bikinta kowane watan Agusta.