Tambayoyinku: An ce mu bar gawayi, to da me za mu dafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a unguwar Kurna, ina kuma tuya ƙosai da safe. Na taɓa girki da gas, amma da kuɗin cika tukunya ya fi ƙarfina sai na koma gawayi. Kullum ina jin ana kira a rediyo cewa mu bar gawayi da itace saboda sauyin yanayi, mu koma gas da sola. Shin akwai adalci a wannan kira, alhali ba mu ne masu masana'antu da manyan motoci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kiran yana da tushe, kuma ke ce za ki fara cin moriyarsa tun kafin duniya ta ci, domin hayaƙin da kike shaƙa a bakin kasko, da wanda yaranki suke shaƙa a tsakar gida, yana cutar da ƙirji da idanu. A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow a 2021 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗaukar wa Najeriya alkawarin rage hayaƙin da take fitarwa har ya zama ba ta ƙara shi a sararin samaniya nan da 2060, kuma tsarin sauya makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a 2022 ya ɗora girkin gidaje a kan gas.

Inda nake ganin gaskiyarki shi ne wajen rabon nauyin. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi bayan haka, ga shi faifan sola da batir galibi daga waje ake shigo da su. Mai hali yana iya zuba kuɗi a tashi ɗaya ya kafa sola, ya yi shekaru bai waiwayi janareta ba, kamar yadda da yawa suka yi bayan hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024. Wanda yake rayuwar hannu baka hannu ƙwarya kuwa ƙulli-ƙulli yake sayen gawayi, ya biya kuɗin cajin waya a shago, ya sayi batirin tocila, kuma idan aka tara abin da ya kashe a shekara za a tarar ya sayi makamashi da tsada fiye da mai kuɗin. Abin da ya rasa shi ne jarin farko, wanda masu wayar da kai a rediyo ba su cika taɓo maganarsa ba.

Gwamnati ta cire harajin VAT a kan gas ɗin girki a 2024, sai dai hakan bai saya wa kowa tukunya ba. Abin da ya fi kama da mafita mun gan shi a nan Kano, a Kasuwar Sabon Gari, inda aka kafa sola a 2018 ƙarƙashin shirin REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara: ɗan kasuwa bai sayi faifai ko batir ba, kuɗin wutar da aka ja masa kawai yake biya. Bankin Duniya ma ya amince da dala miliyan 750 a Disamban 2023 don faɗaɗa irin wannan wuta, kuma haƙƙin mazauna Kurna da Rijiyar Lemo ne su tambayi wakilansu ina rabon unguwanninsu.

Kafin nan, ba zan ce ki yar da kurfoti ba. Ki nemi murhu mai tattalin gawayi, ki riƙa hura shi inda iska ke wucewa, kuma idan kwasar adashinki ta zo ki cika ƙaramar tukunyar gas don girkin gida. Idan aka kawo miki tallan sola ta biya kaɗan-kaɗan, ki sa a rubuta miki jimillar abin da za ki biya har ƙarshe, da sunan wanda zai canza batir idan ya mutu kafin ki gama biya.