Kai saƙo a kan mashin cikin sanyin Riyad

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka iya ci gaba da kai saƙo a kan mashin da daddare yanzu da sanyi ya shigo Riyad, tunda yatsunka suna ƙandarewa. Eh za ka iya, amma ka daina fita da safar hannun ulun nan, iska ratsa ta take yi kamar ba ka sa komai ba. Nemi ta fata ko wadda ruwa ba ya shiga ka sa siririya a ciki, sai jaket mai tare iska a saman suwaita, wuya ma a naɗe shi sosai. Farwa kam, doguwar alkyabbar sanyin nan ta Larabawa, bar ta a ɗaki, ta zaman hira ce, a kan mashin bakinta zai iya shiga taya.

Sanyin garin ba shi ne matsalar ba wallahi, iska ce. A Janairu da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, to ka haɗa da gudun kilomita 80 a titin Sarki Fahad, sai ka ji kamar a firiza aka saka ka. Shekarata ta farko na zo danja na matsa birki hannu ya ƙi amsawa sai da ƙyar, Allah ne ya kiyaye ban daki motar gabana ba. Tun daga ranar nan, da na ji yatsu sun fara mutuwa sai in faka a bufiya, wato ɗan shagon shayi da sanwici, in karɓi shayin karak mai madara in riƙe kofin minti biyar, mai oda ya ɗan jira.