Kafin a Taɓa Manhajar Na'ura, a Fara Duba Faifan

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga na'urar buga faifai, wato mai rubuta bayanai a CD da DVD, kuma kusan kowa ya zo da maganin da wani ya riga ya faɗa masa, wai a sabunta manhajar da ke cikin na'urar, wadda kamfanoni ke rubutawa Firmware a shafukansu. Ga waɗanda fili ya ɗauka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Sana'ata ɗaukar bidiyo, kuma a faifan DVD nake miƙa wa mutane aikinsu. Na sayo sabon kwalin DVD-R, sunansa da launinsa duk ɗaya da wanda na saba amfani da shi. Na baya bai taɓa ba ni matsala ba. Wannan kuwa da na danna a fara, sai na'urar ta yi ta juyi, can sai ta rubuto "Power Calibration Error". Wanda ya tsallake nan kuma sai ya cije wajen kashi 90 cikin ɗari. Na yi asarar faifai fiye da goma. Abokina ya ce in sabunta manhajar na'urar. In yi?

AMSA: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Na'urarka ita ce dai ta jiya, abin da ya canza faifai ne, don haka daga kansa za mu fara.

Sunan da ke jikin kwali sau da yawa ba na wanda ya ƙera faifan ba ne. Masana'antun da ke yin sa ba su da yawa. Akwai CMC Magnetics da Ritek a Taiwan, da kuma Taiyo Yuden ta Japan wadda masu wannan aiki suka fi yarda da ita, amma ta daina yi a ƙarshen 2015. Mai suna a kwali yakan sayo daga wannan masana'anta bana, baɗi ya koma wata, kwalin kuwa bai sauya ko harafi ba. Sai dai kowane faifan DVD da ake bugawa yana ɗauke da lambar masana'antarsa a cikin jikinsa, ana ce mata MID. Misali MCC 004 ta Mitsubishi ce, TYG03 ta Taiyo Yuden.

Ga amfanin lambar. Abin da na'urar ke yi shi ne ta haska leza a kan wani siririn rini da ke cikin faifan, ta bar tabo ƙanana a jere, waɗannan tabban su ne bayanan. Rinin kowace masana'anta da irin zafin da yake so. Manhajar cikin na'ura tana da jerin lambobin faifai, kowace da ƙarfin lezar da ya dace da ita, kamar tela da littafin awonsa: wanda sunansa ke ciki a yanka masa daidai jikinsa, baƙo kuwa sai a kintata. Kafin ta fara rubutu kuma, sai ta yi gwaji a wani ɗan fili kusa da ramin tsakiya, ta ga ko tabon na fita yadda ake so. Saƙon da ka gani yana nufin gwajin nan ne ya ƙi. Abu uku ke kawo haka: faifan ba shi da kyau ko na'urar ba ta san shi ba, idon na'urar ya yi ƙura, ko lezar ta fara gajiya.

Rarrabe su ba wuya. Ka ɗora manhajar ImgBurn, kyauta ce. Ka saka ɗaya daga tsofaffin faifanka da ya bugu lafiya, ka rubuta lambar da ta nuna maka, sannan ka saka sabon. In lambobin sun bambanta, ka kama bakin zaren. Sai ka samo faifai biyu ko uku na wani kamfani dabam ka gwada. In sun bugu, na'urarka lafiyarta ƙalau. In kowane iri ka saka ya ƙi, to zargi ya koma kan ido ko leza. Ka kuma sani akwai masu yin faifai marasa inganci da ke satar lambar manyan masana'antu su saka a nasu, sai na'ura ta ba shi zafin da ba nasa ba. Irin wannan babu sabunta manhajar da zai gyara shi.

Tsayawa a kashi 90 kuwa labarinsa dabam ne kaɗan. Rubutu daga ciki yake farawa ya nufi baki. A bakin ne rinin faifai mai arha ya fi fita ba daidai ba, a nan ne kuma na'urar ke kai ƙarshen gudunta. Idan an rubuta 16x a kwalin, wato iyakar gudun da faifan ke ɗauka, ka buga a 8x ko 6x. Ba na ba da shawarar a sauka can ƙasa ƙwarai, domin rinin faifan yanzu don gudu aka haɗa shi, kuma na'urori da yawa ma ba za su karɓi 1x ko 2x a kansa ba. Kada kuma ka cika shi maƙil. Abin da aka rubuta 4.7 GB, kwamfuta 4.38 take ƙirga shi, ka tsaya wajen 4.1 ka bar wa bakin sarari.

Abu ɗaya nake roƙonka tunda aikin mutane ne a hannunka: ka riƙa saka alama a Verify, domin bayan an gama rubutu na'urar ta sake karanta faifan ta kwatanta da asalin. Mintuna kaɗan yake ƙarawa. Faifai kan nuna an gama lafiya alhali rabin bidiyon ba ya karantuwa, kuma wanda ka ba shi ba lallai ya gano ba sai bayan ka goge asalin daga kwamfutarka.

Sabunta manhaja yana da gurbi a maganarka a hali ɗaya: faifan mai kyau ne, yana buguwa a wata na'urar, taka ce tsohuwa da ba ta san lambarsa ba. Ka karanta amsar da ke biye kafin ka yi.

TAMBAYA: Malam, na duba sunan na'urar laftof ɗina na ga ya fara da HL-DT-ST. Na nemi kamfani mai wannan suna ban samu ba. Amma na ga fayil ɗin sabuntawa a wani shafi, lambarsa ta yi kusa da tawa, harafi ɗaya ne kawai bambanci. Zai yi?

AMSA: Ba zai yi ba, kuma don Allah kada ka gwada. Harafi ɗayan nan yana iya zama bambancin kwakwalwar da ke ciki gaba ɗaya.

HL-DT-ST gajerun sunan Hitachi-LG Data Storage ne. Haka wanda ya ga TSSTcorp, haɗin gwiwar Toshiba da Samsung ne, MATSHITA kuwa Panasonic ce. Amma ga mai laftof, wurin nema shi ne shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, domin sukan sa a yi musu manhaja tasu ko da na'urar iri ɗaya ce da ta kasuwa. In babu sabo a can, to ka ɗauka babu.

Dalilin da nake tsanantawa shi ne, akasarin gyare-gyaren da muke magana a kai a wannan shafi, in ba su yi ba asarar faifai ɗaya ce. Wannan kaɗai ne in ya kuskure na'urar ke mutuwa. Ana goge abin da take tashi da shi ne a rubuta sabo. In an rubuta mata wanda ba nata ba, ko wuta ta yanke a tsakiya, tana iya kasa ko buɗe tirenta, kwamfuta ma ta daina ganinta, balle a samu hanyar mayar da na da. Wasu fayilolin sabuntawar kuma ba sa barin a koma tsohon ko da sabon ya fi muni.

In ka samu na gaskiya, ka fara karanta bayanin abin da aka gyara a cikinsa. Idan bai ambaci ƙarin faifan da na'urar za ta gane ba, ko matsala irin taka, ka bar shi. Idan ya ambata, ka tabbata lambar na'urar ta yi daidai harafi da harafi, ka cire faifai daga ciki sai fa in umarnin ya ce akasin haka, ka rufe sauran manhajoji, batir ya cika kuma caja na jone. Mai kwamfutar tebur ya haɗa ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Aikin ba ya daɗewa. Kada a taɓa komai har sai ya ce ya gama, sannan a kashe kwamfutar a kunna.

Wasu kan ɗora manhajar da ba ta kamfani ba domin cire ƙullin yanki na finafinan DVD, wanda ke hana fim na wani yanki tashi a na'urar wani yankin. An raba duniya yanki-yanki, Amurka da Kanada na 1, Turai da Japan na 2, akasarin Afirka na 5, kuma na'ura sau biyar take barin a sauya mata yanki, daga nan ta tsaya a na ƙarshe. Na fahimci takaicin. Duk da haka hatsarin ɗaya ne da wanda na faɗa, har ya fi, tunda babu kamfanin da zai saurare ka in ta lalace.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Na naɗi darussa na zuba a CD don ɗalibai. A kwamfuta yana yi, amma wasu sun ce a rediyon mota da tsohuwar na'urar gida ba ya tashi.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari. Na'urarki ba ta da laifi, yadda aka buga faifan ne.

Idan kin saka sabon faifai, Windows kan ba ki zaɓi biyu. Na farko ya ce "Like a USB flash drive", na biyu "With a CD/DVD player". Na farkon yana barin faifan a buɗe don a riƙa ƙara fayil, kuma yawancin na'urorin da ba kwamfuta ba ba sa karanta shi. Ko na biyun ma, in fayilolin MP3 kika zuba, sai na'urar da ta san MP3 ce za ta kunna su. Tsofaffin rediyon mota faifan sauti zalla suka sani. Ki buɗe Windows Media Player, ki shiga Burn, ki zaɓi Audio CD. A wannan tsari da minti ake lissafi, faifai ɗaya minti 80 yake ɗauka komai ƙanƙantar fayilolin, don haka darussan za su iya rabuwa faifai biyu ko uku. In wata manhajar kike amfani da ita, ki nemi inda aka rubuta Finalize ko Close disc ki saka alama, shi ne rufe faifan.

Ki kuma duba ko CD-R ne ko CD-RW. Wanda ake gogewa a sake, wato CD-RW, hasken da yake mayar wa idon na'ura bai kai rabin na CD-R ba, na'urorin da aka ƙera kafin fitowarsa a 1997 da ma wasu na bayan nan ba sa ganin sa. In za ki rubuta suna a saman CD, ki yi da alƙalami mai laushin baki. Bayanan CD suna dab da saman ne, ƙarƙashin ɗan fenti, biro na iya karce su.

TAMBAYA: Malam, tawa ta waje ce, mai haɗawa da USB. Karatu tana yi lafiya. In ana bugawa ne sai in ji kwamfuta ta yi ƙarar an zare abu, aiki ya tsaya.

AMSA: Wuta ce ba ta isar ta. Ramin USB 2.0 miliyamf 500 aka tsara ya bayar, na 3.0 kuwa 900. Lokacin rubutu injin na juyi da ƙarfi, leza ma ta ƙara zafi, buƙatar sai ta haura abin da ramin ke iya bayarwa. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu, ka jona duka biyun. Ka guji rarraba-rami, wato USB hub, marar wutar kansa, da doguwar waya, da ramukan gaban kwamfutar tebur. Abin da za ka buga kuma ka fara kwafe shi cikin kwamfutar, kada ka jawo shi kai tsaye daga filashi. A da yankewar bayanai na ɗan lokaci ma kan kashe faifai, har Sanyo ta fito da BURN-Proof a 2000, wanda ke sa na'ura ta dakata ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan dabara ba ta ceton faifai in na'urar kanta ce ta mutu ta tashi.

TAMBAYA: Tawa tana karanta CD tana buga shi, amma ko wane DVD na saka sai ta ce babu faifai.

AMSA: Leza biyu ne a ciki, ta CD mai tsawon zango nanomita 780, ta DVD mai 650, kuma ɗaya kan mutu ta bar ɗaya. In laftof ce, idon a fili yake idan tire ya fito, ka hure ƙurar ka shafe shi a hankali da auduga mai ɗan jiƙon sifirit, ka bari ya bushe. In bai canza ba, sai sabuwar na'ura.

TAMBAYA: Malam, na cire wata manhajar buga faifai, tun daga nan na'urar ta ɓace daga kwamfutar. A Device Manager akwai alamar rawaya da "Code 39".

AMSA: Tunda Device Manager, wato jerin na'urorin da Windows ke gani, yana ganin ta, tana nan da ranta. Manhajojin buga faifai kan dasa wasu ƙananan direbobi tsakanin Windows da na'urar. In an cire manhajar aka bar sunayensu a rajistar Windows, wato kundin da take adana saitunanta, sai ta yi ta neman abin da babu shi. Code 19 ma sau da yawa daga nan yake. Microsoft da kanta ta bayyana gyaran. A buɗe regedit, a bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Class, a nemo lambar da ta fara da 4D36E965, a goge UpperFilters da LowerFilters da ke ɓangaren dama, su biyun kaɗai, sannan a sake kunna kwamfutar. Ka lura da kyau, akwai lambobi da dama a jere masu kama da ita, na allon rubutu da na linzami suna cikinsu, kuma su ma suna da layi mai wannan suna. Ka fara adana kwafin wurin da Export, in kuma ba ka saba shiga rajista ba ka zauna da wanda ya saba. Bayan an gama, wata manhajar faifan da kake amfani da ita tana iya buƙatar a sake ɗora ta.